Kowa da Ƙofar da Karatu Ke Shigarsa

Kwanakin baya 'yar ƙanwata da ke shirin jarrabawar WAEC ta zo gaishe ni. Na tambaye ta ya karatu, sai ta ce, "Kawu, ni fa ta gani nake koyo, littafi ba ya shiga kaina sai bidiyo." Na ce to, wanne kika kalla jiya? Ta ce darasi ne kan yadda jini ke zagaya jiki. Na miƙa mata takarda da biro, na ce ta zana mini zuciya da ɗakunanta huɗu. Ta daɗe tana juya biron nan, ƙarshe da'ira kawai ta iya yi. Yarinya ce mai kaifin basira, shi ya sa abin ya tsaya mini a rai.

Maganar da ta yi tana da asali. A 1987 wani malami ɗan ƙasar Niyu Zilan, Neil Fleming, ya kasa masu koyo gida huɗu: mai fahimta ta gani, mai fahimta ta ji, mai son karatu da rubutu, da wanda sai ya taɓa da hannunsa. Duk wanda ya taɓa koyarwa ya san akwai ƙamshin gaskiya a ciki. Amma a 2008 Harold Pashler da abokan aikinsa sun bi diddigin binciken da aka yi a kai, ba su sami gamsasshiyar hujja ba cewa koyar da ɗalibi ta salon da ya fi so kaɗai yana ƙara masa fahimta. Abin da rai ke so daban, abin da ke zama a kai daban. Wannan rabin na biyu ne bai iso kunnen 'ya'yanmu ba. Sun ɗauki suna sun liƙa wa kansu, sunan ya zama mafaka daga wahalar karatu.

Abin da ke ba ni takaici shi ne mun gaji abin da ya fi wannan, muka yi sakaci da shi. Dubi almajiri a tsangaya. Da hannunsa yake wanke allo, ya jingine shi ya bushe, ya tsoma alƙalami a tawada ya rubuta. Malam ya biya masa, kunnensa ya ɗauka. Ya koma gefe ya tanƙwashe ƙafa, yatsa na bin layi, ido na kan baƙi da wasali, baki na ɗaga murya, jiki na rangaji. Hannu, ido, kunne da harshe duk suna kan aya ɗaya a lokaci guda. Ba a ba shi izinin wanke allon nan sai ya kawo hadda ba tare da dubawa ba. Bayan haka ga tilawar asuba da ta dare, ana komawa baya kullum don kada na jiya ya zube. A haka ake haɗa izu sittin, har alaramma ya zauna ya rubuta Alƙur'ani da ka. A cikin wannan tsari kowane gardi yakan gano kansa: wani sai ya keɓe nesa da mutane karatu ke zama masa, wani sai da abokin saurare, wani sai ya sake rubutawa. Da gwaji da shekaru ya gano, ba wanda ya raɗa masa suna.

Bajamushe Hermann Ebbinghaus ya nuna tun 1885 cewa mantuwa ta fi sauri a sa'o'in farko bayan koyo, kuma maimaici a rarrabe ne ke rage ta. Malaman allo ba su jira shi ba.

Yau kuwa fa? Ɗalibi ya ɗauki hoton allon aji da waya, bai sake buɗewa ba. Zango ya wuce ba a taɓa littafi ba, daren jarrabawa a kwana ana cusa takardu. Wasu iyaye ma, abin kunya, su ke biyan kuɗin cibiyar da za a ba 'ya'yansu amsa.

Ɗalibai, ku gwada kanku da gaske. Ɗauki darasi ɗaya, ka bi shi ta hanyar da kake so, ka rufe littafi ko waya, bayan kwana biyu ka rubuta abin da ya rage. Ka ɗauki wani, ka karanta da murya, ka zana, ka koya wa ƙaninka, ka sake aunawa. Hanyar da ta bar maka mafi yawa ita ce taka, ko da ta fi gajiyar da kai. Kuma darasin ma yana da tasa buƙatar: taswira sai ido, tajwidi sai kunne da baki, lissafi sai an yi ta warwarewa da hannu.

'Yar ƙanwata ban hana ta bidiyonta ba. Na ce ta kalla, ta kashe wayar, ta zana, ta duba littafi ta gyara da jan biro, kullum har mako. Ranar Asabar ta dawo da takardu bakwai. Ta farko duk ja ce. A ta ƙarshe kuskure ɗaya ya rage: ta juya kibiyar jinin da ke dawowa daga huhu, kuma ita ta gano shi kafin in buɗe baki.