Keke Mai Sirdi Biyu: Tausayin Majinyaci Shi Ne A Zaunar Da Shi?

Godiya ta tabbata ga Allah, Mai saukar da cuta da magani. Tsira da aminci su tabbata ga Shugaban halitta da alayensa da sahabbansa.

Ƴan'uwa, akwai tambayar da ke shiga gida ranar da likita ya ce ciwon wani ba mai warkewa ba ne. Idan majinyacin ya ce zai kashe sauran ƙarfinsa a wani aiki mai wuya, me ya kamaci iyalinsa: su hana shi don tausayi, ko su kama masa?

Wata mata ƴar Ingila mai suna Jane Tomlinson ta sa iyalinta sun fuskanci wannan tambaya. Tana aikin ɗaukar hoton majinyata a asibiti a birnin Leeds, tana da miji da ƴaƴa uku. An fara gano mata sankarar mama a 1990, tana da shekara 26. A 2000 likitoci suka ce ciwon ya bazu, ba ya warkuwa, suka ƙiyasta mata wata shida. A 2003 ta hau keke daga ƙarshen arewacin Birtaniya zuwa ƙarshen kudancinta, kimanin kilomita 1,700, wato kusan zuwa Damagaram daga Yamai da komowa. A 2004 ta taso daga birnin Rum na Italiya har gida Leeds. A 2006 ta ratsa Amurka daga San Francisco zuwa New York, sama da kilomita 6,000 cikin mako tara. Da waɗannan tafiye-tafiye da tseren gudu ta tara fiye da fam miliyan ɗaya da rabi don taimakon marasa lafiya. Ta rasu a watan Satumba na 2007, tana da shekara 43.

Mai cewa a hana ta yana da hujja, kuma ba ƙarama ba. Jiki amana ne, ba mallakar bawa ba. Wahalar rana da hawan tsauni ga jikin da magani ya riga ya raunana tana iya kusanto da abin da ake gudu. Sannan ga haƙƙin yara: kowane mako da uwa ta yi a hanya, an ɗebe shi ne daga ɗan lokacin da ya rage musu tare da ita.

Sai dai a lura da wani abu. Sau da yawa abin da mai jinya ke kira tausayi, tsoronsa ne na rashi ya sa rigar tausayi. Ya rufe majinyaci a ɗaki, ya karɓe masa kowane aiki, ya riƙa yanke shawara a madadinsa, har mutum ya zama kamar an yi masa jana'iza alhali yana numfashi. Ciwo ya ɗauki lafiyarsa, iyali kuma sun ɗauki zaɓinsa. Ƙiyasin likita ilimi ne abin girmamawa, amma ba shi ne ajali ba. Wadda aka ba wata shida ta yi shekara bakwai. Da an kwantar da ita tun ranar farko ana jiran sa'a, da shekarun nan sun tafi a jira.

Tafiyarta ta 2003 da ta 2004 ta yi su ne da ɗan'uwanta na jini a kan keke mai sirdi biyu. Irin wannan keke yana da feda biyu da sarƙa ta haɗa, don haka ƙafafun mahayan tare suke juyawa. Idan ɗaya ya gaji, ɗayan ya ƙara ƙarfi, mai kallo daga bakin hanya ba zai gane wa ya ɗauki nauyin wa ba. Wannan shi ne ladabin hidima. Ɗan'uwan bai sa ta a mota ya kai ta ba, da tafiyar ba ta zama tata ba. Bai kuma tsaya a ƙofar gida yana yi mata fatan alheri ba. Ya hau ya sha ranar da ta sha, ya bar mata fedarta.

To, ina iyaka tsakanin himma da jefa kai cikin halaka? Abu uku ke raba su. Na farko, kada a bar magani: ita ta ci gaba da karɓar maganin asibiti har a tsakiyar tafiyarta ta 2003. Na biyu, a yi da shawarar waɗanda nauyin zai hau kansu, domin miji da ƴaƴa su ma suna biyan farashin tafiyar da fargaba da rashin barci. Na uku, niyya ta wuce son a gani a yaba. Idan ɗayan ukun ya faɗi, iyali suna da damar cewa a dakata, kuma hanin nasu ƙauna ce.

Kada kuma a mayar da wannan labari bulalar dukan marasa lafiya, a ce ga wata ta ratsa ƙasa kai kana kwance. Wani majinyacin doguwar tafiyarsa ita ce daga shimfiɗa zuwa buta, ko zuwa zauren zikiri ranar Juma'a da yamma. Haƙurinsa a kwance aiki ne, kuma Mai sakayya ba da kilomita yake awo ba.

Saboda haka wanda Allah ya jarrabe shi da jinyar uwa ko miji ko ɗa, ya fara da tambayarsa abin da yake son cimma da ƙarfin da ya rage masa, ya saurara da gaske. Idan abin halal ne kuma bai hana magani ba, ya nemi sirdi na biyu ya hau.

Allah ya ba marasa lafiya sauƙi, ya saka wa masu jinya da mafificin alheri. Amin.