KASUWAR WAYA: HOTON DA KIKA TURA SHAIDA NE A KANKI

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai. Dukkan yabo da godiya sun tabbata ga Allah Wanda Ya halatta ciniki Ya haramta riba. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu (SAW) da alayensa da sahabbansa. 

Tunatarwarmu ta wannan fitowa a kan sana'ar da ta shigo mana har cikin ɗaka ce, wato saye da sayarwa ta wayar hannu. Tun zuwan wayar salula ƙasar nan a shekarar 2001 abin yake ƙara gaba, kuma ƙarancin takardun kuɗi na farkon 2023 ya koya wa har da tsofaffinmu karɓar kuɗi ta asusun banki. Yau mace tana zaune a Birnin Kebbi za ta sa hoton turaren wuta ko atamfa a WhatsApp, wata ta gani daga Sakkwato ta turo kuɗi. Wata tana Argungu tana aika busasshen kifi da shinkafa 'yar gida har Abuja da Legas, direba ya karɓa a tasha.

Wannan ni'ima ce. Iyayenmu sun yi sana'a a cikin gida, amma ƙafarsu ita ce yarinya mai farantin talla. Yanzu waya ta ɗauke wa yarinyar wannan faranti, saura mu bar ta ta tafi makaranta. Kuma Musulunci bai taɓa hana mace neman na kanta ba. Aya ta 32 ta Suratun Nisa'i ta tabbatar wa mata rabonsu daga abin da suka tsiwirta kamar yadda ta tabbatar wa maza. Uwar muminai Nana Khadija (RA) tana Makka dukiyarta take zuwa Sham a hannun amintattu. Nana Zainab 'yar Jahshi (RA) jima take yi da hannunta ta yi sadaka da abin da ta samu.

To amma 'yan uwa, kasuwar waya tana da wata jarrabawa da babu irinta a kasuwar Jega ko ta Kamba. A can mai saye za ta damƙi shinkafa ta duba tsakuwa, ta karya kifi ta sansana, ta murza gefen atamfa. A waya kuwa ba ta da ido sai idonki, ba ta da hannu sai hannunki. Hoton da kika tura da kalmar da kika rubuta su ne mudunki.

Malamanmu na mazhabar Malikiyya sun daɗe da magana a kan haka. A cikin Risala ta Ibn Abi Zaid, wadda ake karantawa a zaurukanmu, an halatta sayar da abin da ba ya nan bisa siffantawa, har da sayen dilar kaya a ɗaure bisa takardar da ta bayyana abin da ke ciki. Sharaɗin shi ne siffar ta fito sarai. In kaya suka iso yadda aka siffanta, ciniki ya ƙullu. In suka saɓa, mai saye tana da haƙƙin mayarwa. Saboda haka rubuta "ba a mayar da kaya" a ƙasan hoto ba zai wanke ki ba muddin abin da kika aika ba shi kika nuna ba. Littafin ya kuma yi taka-tsantsan wajen sharɗanta biyan kuɗi tun kaya suna nesa. Ke nan kuɗin da aka turo miki kafin saƙo ya isa amana ce mai nauyi, kada ki yi gaggawar zuba su a adashi.

Imamu Muslim ya ruwaito daga Abu Huraira (RA) cewa Manzon Allah (SAW) ya wuce wani mai sayar da abinci, ya cusa hannu cikin tsibin ya ji danshi. Mutumin ya ce ruwan sama ne ya taɓa shi. Annabi (SAW) ya nuna masa kamata ya yi ya ɗora jiƙaƙƙen a sama mutane su gani, sannan ya barranta daga mai algus. Yanzu mu tambayi kanmu. Wadda ta zaɓo manyan kifi uku ta ɗauki hoto, ta cika kwali da ƙanana da gutsattsari fa? Wadda ta ƙara wa hoton leshi haske har launinsa ya canza fa? Wadda ta ce "Hajiya wallahi saura guda ɗaya" alhali ɗaki cike yake fa? Jiƙaƙƙen abincin nan ne dai aka tura ƙasan tsibi.

Sai kuma sayar da abin da ba ki mallaka ba, wanda Annabi (SAW) ya hana Hakimu ɗan Hizamu (RA). Ki ɗauko hoto daga wani shago na Kantin Kwari a Kano, ki sa kamar kayan suna hannunki, ki karɓi kuɗi, sannan ki fara cigiya. In babu, a shiga "gobe, jibi", zumunci ya lalace. Mafita tana da sauƙi. Ki faɗa tun farko cewa ke dillaliya ce, za ki sayo bisa lada sananne. In kuma oda ce ta abin da za ki haɗa, kamar man gyaɗa ko ƙuli-ƙuli, to ki bi abin da Annabi (SAW) ya gindaya wa mutanen Madina masu biyan kuɗin dabino tun kafin ya nuna: awo sananne, nauyi sananne, lokaci sananne.

Wata za ta ce, "Malama, in na faɗi aibin kayana wa zai saya?" Amsar tana cikin hadisin Bukhari da Muslim: in mai saye da mai sayarwa suka yi gaskiya suka bayyana, a sa wa cinikinsu albarka, in suka ɓoye suka yi ƙarya, a shafe ta. Ko a idon duniya ma, ramin ƙarya ƙurarre ne. Wayar da ta kai hotonki gida ɗari ita za ta kai labarin ha'incinki gida dubu.

Sana'a makaranta ce, mai ita ya kamata ta fara girma kafin jarinta. Ga abubuwa huɗu da za mu riƙe:

Na ɗaya, rubutu. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka. Ki sami littafi ki rubuta abin da ya shigo da wanda ya fita, har kuɗin data da na mota. Ki raba uwar kuɗi da riba, ki raba su da kuɗin cefane. Da rubutun ne za ki san ko jarinki ya kai nisabi ya shekara, ki fitar da zakka, ɗaya cikin 40.

Na biyu, lura. Kada ki saki kaya don an turo miki hoton shaidar biya, sai kin duba asusunki kin ga kuɗi sun shiga. Lambar sirrinki kuwa ko wa ya kira ya ce daga banki yake, kada ki ba shi.

Na uku, haƙuri da tsarkin zuciya. Wata za ta tambayi farashin kaya 10 ta ɓace, ki amsa mata da sakin fuska. Maƙwabciya ta fara irin sana'arki, kada hassada ta ci ki, rabonki ba ya zuwa hannun wani. In kin ƙware ki koya wa wasu, kamar yadda Nana Asma'u 'yar Shehu ta riƙa tura jajis suna kai wa mata ilmi har ƙauyuka.

Na huɗu, iyaka. Kayanki kike talla, don haka kiyaye suturarki da muryarki. Magana da namiji mai saye ta tsaya a kan kaya da farashi. Ki yi shawara da maigida tun farko, kuma ki sa wa waya lokaci, kada ta cinye miki Sallah da haƙƙin yara.

Ya 'yar uwa, kafin ki danna turawa, ki sake duban hoton nan ki tambayi zuciyarki: in da ni ce mai saye, zan yarda da abin da zan gani in na buɗe kwalin? In amsar e ce, tura da Bismillah. In a'a ce, sake ɗauka.

Allah Ya azurta mu da halal, Ya sa albarka a sana'o'inmu, Ya tsare mu daga cin haƙƙin bayinSa. Wassalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.