Binciken mai riƙon yara: zargi ne ko cika amana?

A ƙasar Amurka, idan babban hutu ya zo, jami'o'i ba sa rufe ƙofofinsu. Manyan ɗalibai sukan koma gida, sai yara ƙanana su maye gurbinsu: masu koyon wasanni, masu koyon kiɗa, masu neman ƙarin sani a lissafi ko kimiyya. Wasu yini guda suke yi, wasu kuwa mako ɗaya ko biyu, suna kwana a ɗakunan ɗalibai, nesa da iyayensu. Abin da ke sa uba ya ajiye ɗansa mai shekara 12 a can ya juya da kwanciyar hankali shi ne sunan jami'ar. A yau jami'o'i da yawa na ƙasar ba sa barin a buɗe irin wannan shiri sai an yi masa rajista, hukumar jami'a ta amince da shi, an kuma binciki tarihin duk wani baligi da zai kusanci yaran, tun daga shaihin malami har zuwa ɗan sa-kai.

A nan ne tambaya ke tasowa, kuma ta wuce ta aikin ofis. Malamin da ya shekara 30 yana koyarwa ba a taɓa jin kansa da kowa ba, ya dace a ce masa ya kawo takardar da ke shaida cewa shi ba mai laifi ba ne? Masu ƙin wannan tsari suna da hujja mai nauyi. Sukan ce zato zunubi ne ko da ya zama gaskiya, kuma al'umma da yarda take rayuwa. Wanda ya ba da lokacinsa kyauta don ƴaƴan wasu, idan aka tarbe shi da neman hoton yatsunsa, zai ji an wulakanta shi, watakila ma ya janye, yara su yi hasarar mutumin kirki. Suna kuma tsoron ranar da babba zai ji shakkar dafa kafaɗar yaron da ke kuka. Wannan magana ba ta wasa ba ce, amma kafin a yanke mata hukunci ya kamata a dubi abin da ya haifi tsarin.

Jami'ar Penn State, a jihar Pensilbaniya, ta yi fice da ƙungiyarta ta ƙwallon ƙafa irin ta Amurka. Jerry Sandusky ya yi mataimakin mai horar da ƙungiyar daga 1969 zuwa 1999. A 1977 ya kafa wata gidauniya mai suna The Second Mile don tallafa wa yara marasa galihu, kuma shi da matarsa sun ɗauki riƙon yara shida. A idon mutanen garin uban marayu ne. Bayan ya yi ritaya, jami'a ta bar masa ofis da damar shiga wuraren wasanni. A watan Nuwamba na 2011 aka kama shi. A watan Yuni na 2012 kotu ta same shi da laifi a kan tuhuma 45 cikin 48, na lalata da yara maza 10 cikin kimanin shekara 15, daga baya kuma ta yanke masa zaman kaso na shekara 30 zuwa 60. Ta hanyar gidauniyar tasa ya san yaran, kuma an aikata wani sashe na laifukan a cikin gine-ginen jami'ar.

Abin da ya fi girgiza mutane shi ne yawan lokutan da aka sami damar tsai da shi. A 1998 wata uwa ta kai ƙara, ƴan sandan jami'a suka yi bincike, aka rufe maganar ba tare da tuhuma ba. A 2000 wani mai shara ya ga abin da ya tayar masa da hankali, ya gaya wa abokan aikinsa, amma suka yi shiru don tsoron rasa abincinsu. A 2001 wani ƙaramin mai horarwa ya ga Sandusky da yaro a wurin wanka, ya gaya wa babban mai horarwa, Joe Paterno, shi kuma ya miƙa maganar ga na sama da shi. Shugabannin suka yi shawara, suka ga cewa ya fi tausayi a yi wa mutumin magana, a hana shi kawo yara cikin jami'a. Ba su sanar da hukumar kare yara ba. Rahoton da Louis Freeh, tsohon shugaban hukumar FBI, ya fitar a watan Yuli na 2012 ya ce manyan jami'ar sun ɓoye abin da suka sani don gudun ɓacin suna. Iyalan Paterno sun musanta rahoton. Amma a 2017 biyu daga cikin shugabannin sun amsa laifin jefa yara cikin haɗari, kotu kuma ta sami tsohon shugaban jami'ar, Graham Spanier, da irin wannan laifi.

Wanda ya natsu a kan wannan labari zai ga cewa yarda ba ta yi ƙaranci a Penn State ba. Yawa ma ta yi, kuma gefe guda ta karkata. An yarda da mutumin da aka sani, mai suna da tarihi, an ji kunyarsa, an tausaya masa. Yaron da aka gani a wurin wanka a 2001 kuwa, babu wanda ya tashi neman sanin sunansa a lokacin. Kyautata zato ɗabi'a ce mai kyau muddin wanda ya kyautata shi ne zai ɗauki hasara idan zaton ya saɓa. Mai ba da bashi ba tare da shaida ba dukiyarsa ya sa a haɗari, wannan karamci ne. Amma shugaban da ya kyautata zato ga babba a kan maganar yaro, da abin wani ya yi kyauta, domin ba jikinsa ba ne zai biya. Kura da ta zo da kamanninta, kowa ya san ba a ba ta ajiyar nama. Wadda ake jin kunyar tambaya ita ce mai shiga garke.

Daga nan ake gane amsar da za a ba malamin nan mai shekara 30 a bakin aiki. Bincike yana zama zargi idan an ware mutum ɗaya an ce shi za a duba. Idan kuwa ƙa'ida ta hau kan kowa, shugaba da mai gadi, sananne da baƙo, to ba ta nuna kowa da yatsa ba. Ta ma sauke wa mutane nauyin da ya fi ƙarfinsu, wato su zaɓi wanda za su tambaya da wanda za su ji kunya. Hausawa ba baƙin wannan hikima ba ne. Iyayen yarinya sukan binciki asali da halin mai neman aurenta, ko da ɗan aminin gida ne, kuma mutumin kirki ba ya fushi, don ya san girman abin da za a damƙa masa. Mutunci ba ya raguwa don an tabbatar da shi. Idan dattijon da kowa ya yarda da shi ya fara kai takardarsa, ya toshe ƙofar da wani zai so shiga da cewa shi ya wuce a tambaye shi.

Jihar Pensilbaniya ta sake dokokinta a 2014. Wanda zai yi aiki da yara yana kawo shaida uku: ta ƴan sandan jiha, ta ofishin da ke riƙe da rajistar cin zarafin yara, da ta hukumar FBI wadda ake yi da hoton yatsu, kuma ana sabunta su duk shekara biyar. Don kada kuɗi ya kori ƴan sa-kai, a 2015 an yafe masu kuɗin shaidun nan biyu na jiha. Dokar ta kuma gyara hanyar kai rahoto: ma'aikacin da ya yi zargin an cuci yaro, shi da kansa zai sanar da hukuma kai tsaye, sannan ya gaya wa shugabansa. Ba zai ƙara cewa ya faɗa wa na sama ya sauke nauyi ba.

Sai dai takarda tana da iyakarta, kuma wanda ya manta da haka ya faɗa wani rami. Ba ta ganin komai sai abin da aka riga aka rubuta. A inda aka rubuta, amfaninta a fili yake. A Faransa, a 2015, an kama darektan wata makarantar firamare a garin Villefontaine bisa zargin lalata da ɗalibansa, sai aka tarar kotu ta taɓa hukunta shi a 2008 saboda hotunan batsa na yara, amma labarin bai isa ma'aikatar ilimi ba. Wannan ne ya haifi dokar 14 ga Afrilu 2016, wadda ta tilasta wa ma'aikatar shari'a ta sanar da hukumomin da ke ɗaukar masu aiki da yara. Shi kuwa Sandusky, tsawon shekarun da yake aiki a jami'a, takardarsa fara ce tas. Da bincike kaɗai aka dogara da shi, da ya wuce da hatimi a hannu, ya ƙara samun abin kafa hujja.

Shi ya sa amincewar da hukumar jami'a ke bayarwa kafin a buɗe shiri take da nauyi daidai da binciken. Tana tilasta a amsa tambayoyi tun ba a san wanda za su shafa ba: wane ne ke da alhakin shirin, yara nawa ne ga babba ɗaya, ina za su kwana, wa zai ɗauke su a mota, wa za a kira idan wani abu ya faru. Ƙa'idar da ta fi yaɗuwa ita ce kada babba ya kaɗaita da yaro a inda ido ba ya kaiwa, kada kuma ya riƙa aika masa saƙon waya a ɓoye. Wannan ƙa'ida ba ta buƙatar a san zuciyar kowa. Tana kare yaro daga mugu, tana kuma kare malamin kirki daga ƙazafi, domin kullum yana da shaida. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma aikin hukuma shi ne duba bango.

Saura tambayar wanda ya yi laifi, ya ci kasonsa, ya tuba. Adalci ya hana a bi shi da laifinsa har kabari. Don haka bincike na gari ba ya korar mutum saboda tsohon laifin da bai shafi yara ba, kuma abin da aka gani a takardarsa sirri ne da ba a kai shi kasuwa. Amma wanda aka taɓa samu da cutar da yaro, ana iya yafe masa, a ba shi aiki, a zauna da shi, ba tare da an sake damƙa masa yara ba. Riƙon ƴaƴan mutane amana ce da ake bayarwa, ba gādo ba ne da wani zai ce an hana shi. Idan tubarsa ta gaskiya ce, abin da ya rasa kaɗan ne. Idan ba ta gaskiya ba ce, wanda zai biya kuskuren yaro ne da ba a yi shawara da shi ba.

Malaman makaranta a Nijar sun san takardar kotu da ake kira kaziye, wadda ake sawa cikin takardun neman aikin gwamnati, kuma babu mai ɗaukarta cin fuska. Ƙungiyoyin al'adu da na wasanni su ma suna tara yara, suna tafiya da su wasan kwaikwayo ko gasa a wani gari, wani lokaci har da kwana. Mafi yawan abin da jami'o'in Amurka suka koya da tsada ba ya cin ko dala: a rubuta sunayen manyan da za su raka yara, iyaye su san su, kada tafiya ta kasance da babba ɗaya tak, kuma tun kafin a tashi kowa ya san wurin da ake kai magana idan yaro ya yi ƙorafi, ko da wanda ya ambata shi ne shugaban ƙungiya.