Haƙorin Kurege: Shin Horo Yana Canza Hali?

Akwai karin magana guda biyu da Bahaushe ke yawan faɗa, waɗanda in aka jera su wuri guda sai a ga kamar suna musun juna. Na farko shi ne "hali zanen dutse", wato ba mai iya kankare shi. Na biyu kuwa shi ne "icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi". To, in har hali ba ya kankaruwa, mece ce fa'idar tanƙwarawa? In kuwa tanƙwarawa tana aiki, ina zanen dutsen ya tafi? Wannan tambaya ta shafi uba da ɗansa, da malami da almajirinsa, ta kuma shafi marubuci da mutanen da yake ƙagowa a cikin littafinsa. Don mu samu bakin zaren, bari mu aro wata 'yar ƙaramar dabba da kowane yaron ƙauye ya sani, wato kurege.

Duk wanda ya saba bin hanyar da ta taso daga Aliero ta ratsa Jega ta nufi Maiyama, ba zai rasa ganin kurege ya gitta titi a guje ba, jela a miƙe, da farin layi a gefen jikinsa. Wani lokaci yakan tsaya a kan ƙafafun baya ya yi leƙe kamar mai jiran baƙo, sannan ya faɗa rami. Manomi ba ya ƙaunarsa, domin yana tone irin da aka shuka, yana kuma ɓarnar gyaɗa da rogo. Yara kuwa sukan haƙa raminsa, in sun dace da jariri su kawo gida, su ɗaura masa zare ko su saka shi a keji, su riƙa ba shi gyaɗa. Kwana kaɗan sai a fara kuka da shi: ya ciji yatsan mai shi, ya gwaguye ƙofar kejin, ya huda buhu, ya tone gindin bango. Daga nan sai a ce ba ya jin magana, a ɗauko tsumagiya.

Amma kafin a ɗaga tsumagiya, ya kamata a tambaya, me ya sa yake cizon? Kurege dangin ɓera ne da gafiya, kuma duk wannan zuri'a Allah Ya halicce su da haƙoran gaba masu tsiro ba tsayawa har ƙarshen rayuwa. In bai samu abu mai tauri ya gwaguya ba, haƙoran za su yi tsawon da zai hana shi cin abinci. Ashe gwaguyar ƙofa magani ce a wurinsa. Haka nan, a dawa abin da ke sauko masa daga sama shaho ne ko shirwa, saboda haka hannun da ya cafko shi ta baya, shi a ganinsa ajali ne ya zo. Yatsan da ke ƙanshin gyaɗa kuma, ba abin mamaki ba ne ya ɗanɗana shi. Cizon nasa ba abin wasa ba ne, domin bakinsa yana ɗauke da ƙwayoyin cuta da kan sa rauni ya ruɓe, shi ya sa mutanen karkara da yawa suke cewa haƙorinsa na da dafi.

Wanda ya fahimci wannan zai iya rage cizon ƙwarai da gaske. Zai ajiye masa icce ya riƙa gwaguya, ya miƙa masa abinci a buɗaɗɗen tafin hannu daga ƙasa, ya daina cafkarsa ba zato, in ya yi cizo ya janye hannu da abincin ya ƙyale shi na ɗan lokaci. Duka kuwa ba abin da yake ƙara masa sai tabbacin cewa hannun mutum abin tsoro ne. Duk da haka, ko an yi masa duk wannan gata, ranar da ya balaga, ko ranar da wani baƙo ya firgita shi, haƙori zai fito. A nan ne tambayarmu take: me aka canza, me kuma ya ƙi canzuwa?

Imam Gazali, wanda ya rasu a shekarar 1111, ya tattauna wannan mas'ala a cikin Ihya'u Ulumiddin, a babin horar da zuciya. Ya yi raddi ga masu cewa ɗabi'a ba ta sauyawa, ya nuna cewa da haka ne da wa'azi da nasiha sun zama aikin banza. Ya kafa hujja da dabbobi: ana mayar da shaho daga ƙyuya zuwa sabo, ana koya wa kare ya danne kwaɗayinsa, ana ladabtar da doki mai tutsu. Ko Alƙur'ani mai girma, a aya ta 4 cikin Suratul Ma'ida, ya ambaci dabbobin farauta waɗanda aka koyar. Sai dai Gazali ya sa iyaka. Ya kawo misali da ƙwallon dabino, wanda in aka kula da shi zai zama itacen dabino, amma duk irin kulawar da aka ba shi ba zai haifi tuffa ba. Ya kuma bayyana cewa manufar tarbiyya ita ce a daidaita fushi da sha'awa su tsaya a tsaka-tsaki, domin tumɓuke su gaba ɗaya ba ya yiwuwa, kuma da za a tumɓuke su da mutum ya halaka.

Masu binciken zamani sun iso wuri guda ta wata hanya dabam. A shekarar 1961 wasu mata da miji a Amurka, Keller da Marian Breland, almajiran masanin halayya B. F. Skinner, suka wallafa sakamakon shekarun da suka yi suna horar da dabbobi don wasanni da tallace-tallace. Sun koya wa alade ya ɗauki kwabo na katako ya kai asusu a ba shi abinci. Ya iya sarai, amma bayan 'yan makonni sai ya fara yar da kwabon a ƙasa yana tura shi da hanci, yana cilla shi sama, kamar yadda yake tonon saiwa a dawa, ko da kuwa hakan na jinkirta masa abincin. Da suka ƙara masa yunwa don ya shiga taitayinsa, sai abin ya ƙara muni. Wato koyarwa tana hawa kan halitta ne, kuma in suka yi karo, halitta ce takan rinjaya.

A ɗaya ɓangaren, a shekarar 1959 wani masani a Tarayyar Sobiyat, Dmitri Belyaev, ya fara kiwon yanyawa irin ta ƙasashen sanyi a Saberiya. A kowace haihuwa yakan zaɓi 'yan kaɗan da suka fi sauƙin kai ga mutum, su kaɗai za a bari su hayayyafa. Bayan zuri'a shida aka fara samun 'ya'ya masu kaɗa jela da lasar hannu kamar kwikwiyo. Wannan ya nuna mana bambancin dabbar da aka saba da ita da dabbar gida. Akuya da kare da kaza sun yi dubban shekaru tare da ɗan Adam kafin su zama abin da suke. Kuregen da aka tono jiya a gonar Maiyama kuwa, duk kakanninsa a dawa suka rayu, wata uku a keji ba zai goge wannan tarihi ba.

Mutanen Aliero, da suka shahara da noman albasa, sun fi kowa sanin gaskiyar karin maganar nan da ke cewa albasa ba ta yi halin ruwa ba. Kullum ana ba ta ruwa mai sanyi, amma ta fito da yaji mai sa hawaye. Sai dai ba wanda ya taɓa daina ban-ruwa saboda haka, domin ruwan ne ke bambanta albasar da za a loda a mota da wadda za ta ƙanƙance a fadama. Haka nan masu ɗori, waɗanda ake zuwa wurinsu a garin daga nesa: mai ɗori yana daidaita ƙashi ne ya ɗaure shi da karare, sa'an nan ya jira ƙashin ya haɗe da kansa. In ya matse fiye da kima jini ya tsaya, sai a rasa hannun gaba ɗaya. Ina ganin a nan ne karin maganganun namu biyu suka sulhunta. Zanen dutse shi ne halittar da aka zo da ita, tanƙwarawa kuma ita ce nuna wa halittar inda za ta fuskanta.

Akwai wani abu da yake kama da horo alhali ba shi ba ne. Dubi gardi a kasuwa da kurarsa: tana biye da shi, yara na hawa bayanta, amma bakinta a cikin takunkumi yake, wuyanta da sarƙa. Ba ta yi cizo ba, gaskiya ne, amma wa zai yarda a kwance ta? Da yawa daga cikin abin da muke kira tarbiyya a gidajenmu takunkumi ne kawai. Yaron da aka hana magana da bulala, shiru ya koya, da dabarun ɓoye laifi. A watan Satumba na 2019 'yan sanda suka buɗe wani gida a Rigasa ta Kaduna suka fito da mutane sama da 300, wasu da mari a ƙafa, kuma da yawansu iyaye ne da dangi suka kai su da hannunsu don a gyara musu hali. Niyyar gyara ba ta hana aikin zama zalunci ba. Mutum ya fi kurege nesa ba kusa ba, domin yana da hankali, yana iya gane dalili, yana iya tuba don kansa. Wannan fifiko ne ya sa mari da sarƙa suka fi muni a kansa, tunda an bar ƙofar hankali a buɗe an bi ta taga.

Sauran tambaya guda, wadda ta fi duka nauyi: wa ya ce kurege ya yi laifi? A tatsuniyarmu ta kurege da bushiya, shi ne ya yi karamci ya buɗe wa baƙuwa raminsa lokacin ruwan sama, ita kuma ta baza ƙaya har mai gida ya fice. Mu ma mun shiga raminsa, mun raba shi da uwarsa, sa'an nan muna tuhumarsa da rashin ladabi. Musulunci bai hana ajiye dabba ba. An ruwaito cewa ƙanen Anas ɗan Malik yana da ɗan tsuntsu, har Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yakan tambaye shi labarinsa. Amma Buhari da Muslim sun ruwaito labarin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta tsare, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ta nemi abincinta ba. Wanda ya tsare rai ya ɗauki amana, kuma in ba zai iya ba ta abin da halittarta ke bukata ba, barin ta a dawa tun farko shi ne adalci.

Ya 'yan uwa marubuta, mu ma muna da namu kason a wannan magana. Sau nawa muke karanta littafi inda mugu ya yi shafi ɗari biyu yana tafka ta'asa, sai a shafin ƙarshe ya fashe da kuka ya zama waliyyi cikin dare ɗaya? Mai karatu ba ya gaskata irin wannan tuba, domin ya san mutane. Mai zafin zuciya in ya shiryu, zafin yana nan, sai dai ya koma kare marayu maimakon dukan matarsa. Marowaci in ya gyaru, zai zama amintaccen ma'ajin ƙungiya. In muna son rubutunmu ya yi wa al'umma amfani, mu nuna yadda gyara ke tafiya a hankali, da faɗuwa da tashi, da irin haƙurin da mai gyaran yake sha. Allah Ya ba mu ikon gyara namu halin kafin mu ɗauki tsumagiya don na wasu, amin.