Kanari a Keji: Halal Ne, Amma Ya Dace?

Makon jiya na bi ta layin masu goro, na ƙirga keji huɗu a rataye, kowanne da kanari a ciki. Na tsaya ina sauraron kukansu, wallahi sai da na tuna gida.

A can arewa, kan magarya ko aduwa wannan tsuntsu yake sauka. Ƙayar da ke yaga mana riga ita ce katangarsa, shaho ba ya kutsawa ciki. Sai yaro ya ɗana tarko, a ɗora keji a motar kaya, tsuntsu ya wayi gari a kudu.

Na tambayi Liman. Ya ce ajiye tsuntsu bai haramta ba muddin ana ba shi ci da sha, domin Abu Umair, ƙanin Anas ɗan Malik, yana da ɗan tsuntsunsa, Annabi (SAW) bai hana shi ba. Amma ya tuna min hadisin Abu Dawud, inda sahabbai suka ɗauke wa wata tsuntsuwa 'ya'yanta, Annabi ya ce a mayar mata.

Wani dattijo ya ce min, “Sakatare, ai gero yake ci ya ƙoshi. Mu ma ba abinci ne ya kawo mu nan ba?” Gaskiyarsa. Sai dai mu da ƙafarmu muka hau mota, kuma in Sallah ta zo muna zuwa gida. Shi fa?

Ban ce kowa ya buɗe kejinsa ba, ina zai ga magarya a garin nan? Nawa dai ya mutu bara. Kejin na nan a rataye, ban sake saye ba.