Tunkiyar Turke da Tunkiyar Daji: Wacce Zakka Ta Hau?

Idan bazara ta kankama a Nguru da Gashuwa, daga Maris zuwa faɗuwar ruwan farko, hirar masu dabbobi ba ta wuce kuɗin dusa. Ciyawar daji ta ƙone, karan gero ya ƙare a gonaki, harawar da aka jibge bisa rumfa tun kaka ta koma kayan sayarwa dami-dami. Mai tumaki yakan sayar da ɗaya don ya ciyar da sauran. A irin wannan lokaci ne wata tsohuwar tambaya ta fiƙihu take dawowa zauren malamai: dabbar da mai ita ya saya wa abinci da kuɗinsa, zakka ta hau ta kamar wadda ta yi kiwo a daji kyauta?

Tambayar ta daɗe a littattafai, amma ƙasar nan ce ta canza har ta zama ta yau da kullum. Tun da jirgin ƙasa ya iso Nguru daga Kano a 1930, garin ya zama mashigar shanu da fata da busasshen nama zuwa kudu, kuma abin da ya riƙe wannan ciniki shi ne fadamar Haɗeja da Nguru, inda ambaliya kan janye ta bar ɗanyar ciyawa cikin rani. Gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992 ya sauya tafiyar ruwan. Inda da yake zuwa ya koma, yanzu a wurare da dama yana kwanciya shekara cur, ciyawar kachala kuwa ta samu wurin zama, ta toshe hanyoyin ruwa, ta cinye gonaki da makiyaya. Noman rani ya ɗauki wani kason fadamar. Sai kiwo ya yi ta komawa gida, kan turke, inda kowace loma da kuɗinta.

Malaman Hanafiyya da Shafi'iyya da Hambaliyya sun tafi a kan cewa zakkar dabbobi tana kan masu kiwo a sake ne. Hujjarsu takardar da Halifa Abubakar ya rubuta wa Anas ɗan Malik kan ƙa'idojin zakka, wadda Buhari ya ruwaito, inda aka siffanta tumakin da ake fitar wa zakka da cewa masu kiwon daji ne. Suna kuma da hujja ta hankali mai ƙarfi. Shari'a ta san wahala: gonar da ruwan sama ya shayar ana fitar da ɗaya cikin 10, wadda aka shayar da guga ko inji ɗaya cikin 20. In an sassauta wa mai ban ruwa, me zai hana a sassauta wa mai sayen dusa?

Imam Malik bai bi wannan hanya ba, kuma mazhabarsa ce ake karantarwa a zaurukan ƙasar Bade da Nguru, daga Risala zuwa Muhtasar na Halil. A wurinsa zakka tana kan dabba ko a daji take ci ko a turke, har da shanun huɗa da raƙuman dako. Malikawa sun ce an ambaci kiwon daji a takardar ne don shi ne galibin halin tumakin Larabawa a lokacin, ba sharaɗi aka gindaya ba. Sun ƙara da cewa bashi ba ya kayar da zakkar dabbobi, kuma mai karɓar zakka yana fita ko a shekarar fari.

Wanda ya ji wannan zai ce an tsananta. Sai dai ya kamata a duba wa hukuncin ya shafa. Nisabin tumaki da awaki 40 ne, a fitar da ɗaya, kuma ba a ƙara ta biyu sai sun kai 121. Na shanu 30, na raƙuma 5. Matar da ta sayi ramammen Balami ko Uda wata uku ko huɗu kafin Babbar Salla, ta ɗaure shi a tsakar gida tana ba shi dusa da kowar wake da ɗan kanwa, ba ta kusa da wannan adadi. Ko ta haɗa dabbobinta da na maƙwabta a garke guda, Malikawa ba sa ɗora mata komai sai nata kason ya kai nisabi shi kaɗai. In an koma zakkar kasuwanci, sai jarinta ya kai darajar dinari 20, kimanin giram 85 na zinari, shekara kuma ta zagayo. Mafi yawan masu irin wannan kiwo sun fi kusa da layin masu karɓar zakka.

A nan ne ra'ayin Malik yake nuna adalcinsa a wannan zamani. Wanda yake iya ciyar da shanu 100 a killace shekara guda, yana tatsar madara yana tara maruƙa, mai ƙarfi ne. Da sharaɗin kiwon daji za a bi, shanunsa za su fita daga zakkar dabbobi, a bar Bafulatanin da ke bin burtali da sanda yana biya. Abinci saye ba ya hana dabba yaɗuwa. Sau da yawa ma wadda ake ciyarwa ta fi ƙiba, ta fi nono, ta fi tsira daga mutuwar bazara. Kwatanta ta da gonar ban ruwa ma bai cika ba, domin manomi ragi aka yi masa, ba a yafe masa gaba ɗaya ba.

Duk da haka akwai mutumin da hukuncin yake yi wa nauyi, kuma bai kamata a rufe ido a kansa ba. Shi ne mai tumaki 45 a wani ƙauye bayan Gashuwa, wanda ba attajiri ba ne, wanda ya ci bashin dusa a watan Afrilu yana jiran damina. Tunkiya ɗaya a wurinsa babban abu ce. Abin da ya fi danne shi kuwa ba ita ba ce. Binciken kiwon ƙiba, irin wanda cibiyar NAPRI ta Shika a Zariya ta daɗe tana yi, yana nuna cewa bayan kuɗin sayen dabbar, abinci ne ke lashe mafi yawan abin da ake kashewa. Zakka tana ɗaukar ɗaya cikin 40 sau ɗaya a shekara, bazara kuwa tana iya ɗaukar fiye da haka ba tare da wani miskini ya amfana ba.

Shi ya sa aikin da aka yi a Jami'ar Tarayya ta Gashuwa, wadda aka kafa a 2013, ya shafi malamin zaure kamar yadda ya shafi malamin gona. A ƙarƙashin shirin TRIMING mai tallafin Bankin Duniya, masu bincike na jami'ar tare da abokan aiki daga Madrid da Maryland sun gwada yankan kachala tana ɗanya, a daddatsa ta, a gauraya da abin da zai taimaka mata ta tsimu, a rufe ta yadda iska ba za ta shiga ba, ta zama abincin ajiya na rani. Ita kaɗai ba za ta maye gurbin harawa ba, amma duk buhun dusar da ta rage wa makiyayi sauƙi ne a wajen fitar da haƙƙin Allah da zuciya ɗaya.

Akwai kuma ɓangaren mai karɓa. Tunkiyar zakka da aka miƙa wa gwauruwa a tsakiyar bazara, ba dami ba dusa, kasuwa za ta nufa cikin mako, dillali ya saye ta da araha. Shari'a ba ta wajabta wa mai bayarwa ya haɗa da abinci ba, amma ba ta hana kwamitin masallaci ko hukumar zakka ta tara sadakar harawa tun kaka don wannan rana ba. Masu wa'azin Nguru da Gashuwa da ke karanta babin zakka duk shekara za su iya gayyato malaman kiwo na jami'a su zauna tare, a lissafa abin da tunkiya ɗaya ke ci daga Maris zuwa Yuni, a san yawan damin da ya kamata ya bi kowace tunkiyar da za a raba.