YA KIRA TA DA SUNANTA



A Bishara ta Yohanna, sura ta 20, mun ga Maryamu Magadaliya tana kuka a bakin kabari. Baƙin ciki ya rufe mata ido har ta zaci Ubangiji mai gadin lambu ne. Ba ta gane shi ba sai da ya kira ta da sunanta.

Ina so mu tuna da 'ya'yanmu mata da ke karatu a jami'a, gama da yawa a cikinsu suna tsaye a inda Maryamu ta tsaya. A ranar Lahadi, 29 ga Afrilu, 2012, 'yan bindiga suka auka wa masu sujada a tsohon mazaunin Jami'ar Bayero, suka kashe malamai da ɗalibai. A ranar 27 ga Yuli, 2014, aka jefa bom a Majami'ar St. Charles da ke nan Sabon Gari. Ɗalibanmu na yau ƙananan yara ne a lokacin. Sun taso a gidajen da makoki bai gama fita ba, mu kuwa abin da muka iya faɗa musu shi ne: "Ki yi haƙuri, ki mai da hankali ga karatu."

Ban da wannan, ga tambayar da ke bin su kullum: "Ke 'yar ina ce?" An haife ta a Sabon Gari, Hausa a bakinta kamar ruwa, amma takardar asali ta ce ita baƙuwa ce. In ta je garin kakanninta, a ce da ita 'yar Kano. Ga masu tallar man bilicin suna raɗa mata cewa baƙar fatar da Allah ya ba ta aibi ce.

Ku dubi Waliyyiya Josephine Bakhita. An haife ta a Darfur ta ƙasar Sudan wajen 1869. Tana yarinya aka sace ta, aka yi ta sayar da ita, har firgici ya sa ta manta sunan da iyayenta suka raɗa mata. Masu bautar da ita ne suka sa mata Bakhita, wato mai sa'a. Ta sami 'yanci a Italiya a 1889, aka yi mata baftisma a 1890, ta zama Sista, ta rasu a 1947. Paparoma John Paul II ya sa ta cikin jerin tsarkaka a shekara ta 2000. Ita ta manta sunanta, amma Allah bai manta ba.

Saboda haka, iyaye, in 'yarku ta dawo hutu, kada ku tsaya ga tambayar sakamakon jarrabawa kaɗai. Ku zauna ku saurare ta. Zumuntar Mata Katolika, kowace uwa ta riƙe sunan ɗaliba guda, ta riƙa nemanta. Ke kuma 'yata, hawaye ba rashin bangaskiya ba ne, gama Yesu kansa ya yi kuka saboda Li'azaru. Ki zo wurin Fada ko Sista, ki faɗi abin da ke cin ranki. Da suna aka yi miki baftisma, kuma ba takardar da za ta share shi.

Ubangiji ya ba mamatanmu hutawa ta har abada, ya ta'azantar da masu makoki. Amin.